Zarka Ta Hau Dutse da Baya

A kulob ɗinmu na tsofaffin motocin tsere ba mutum ke da ƙuri'a ba, motarsa ce. Ranar zaɓe shugabanmu Ammu Tanyus, wato Baffa Tanyus, yakan tsaya a bakin ƙofa. Duk motar da ta shigo injinta na kuka sai ya ɗora mata tafin hannu, ya ce, "An ƙirga." Wadda aka turo ko aka jawo da igiya kuwa, mai ita zai ci abinci, zai yi surutu iya son ransa, amma ba zai ɗaga hannu ba. Haka muka tarar, kuma ban taɓa ganin aibin dokar ba sai da Ustaz Nazih, sakatarenmu, ya juya ta a kanmu.

An sayar da tsohon garejin da muke taruwa a Bairut, masu rusau suna jiran zafi ya wuce. Wurare uku aka kawo mana. Na farko wani sito ne kusa da tashar jiragen ruwa, wanda bai kai ko'ina ba, don iskar gishiri za ta cinye mana ƙarfe kafin shekara ta zagayo. Na biyu hawan ƙasa na wani sabon dogon bene da surukin Nazih ya gina a bakin teku, mai daɓen marmara da bangon gilashi da masu gadi, kuma kyauta. Sharaɗinsa guda ne: a tsiyaye wa kowace mota fetur, a cire batir, ba a tayar da inji a cikin ginin. Mai son fita da tasa sai ya sanar tun da wuri, a fitar masa da ita a bayan babbar mota. Na uku shi ne tsohon gidan siliki, inda a da ake sarrafa zaren siliki, a ƙauyen Ainut Tut, can saman dutse. Rufinsa na yoyo, jemagu sun daɗe da tarewa a ciki, amma yana da fili, kuma daga ƙofarsa hanya ce mai kwana-kwana har gindin dutsen.

Ni na nemo gidan silikin. Sunana Wadad, ana ce mini Sitt Wadad, wato Uwargida Wadad, na yi shekaru ina sayar da magani kafin in miƙa wa ɗana kantin. Motata 'yar Ingila ce mai kujera biyu, ba rufi, shuɗiya, shi ya sa ake ce mata Zarka, wato shuɗiya da Larabci. Ta girmi aurena, ta kuma rayu bayansa. Ban ga dalilin da zai sa in zuba ido a zare mata jini a ajiye ta bayan gilashi mutane suna ɗaukar hoto da ita ba.

Sakatare ke sa rana da wurin zaɓe. Nazih ya yi murmushi a taronmu na ƙarshe ya ce, "Tunda Sitt Wadad ta ce wurin ya dace da mu, to a can za mu yi. Lahadi, tsakiyar Agusta. Da cocin ƙauyen ya buga ƙararrawar tsakar rana za a rufe ƙofa."

Kowa ya gane. Mutanena su ne masu tuƙa motocinsu kowane mako, wato masu gajiyayyun motoci. Hawan Ainut Tut a zafin Agusta zai tace mu kafin a kai ga ɗaga hannu.

Na fito da hantsi, Zarka tana jan hanya lafiya lau. Ban daɗe da barin babban titi na kama hanyar ƙauye ba na hango jar mota a gefe, tururi na tashi daga gabanta, wani ƙaton mutum tsaye a kanta da tsumma a hannu. Dakta Munir ne, likitan haƙori, ɗaya daga cikin masu son benen. Na tsaya.

"Sannu da aiki, Dakta. Shayi kake dafawa?"

"Wuce ki ba ni wuri, Wadad."

"Tiyon lagireto ne?"

"Tiyon lagireto ne. Kin ji daɗi?"

"Kaɗan."

Wayarsa ta yi ƙara a kan kujera. Hannunsa duk baƙin mai, don haka da ɗan ƙaramin yatsa ya danna, murya ta fito fili. Nazih ne.

"Dakta, ina ka tsaya? Na ƙirga motocin da suka iso, kunnen doki muke. Motoci biyu na mutanen Wadad sun mutu a hanya. Kai da ita kaɗai ake jira. In an tashi kunnen doki Ammu zai raba gardama, ka kuwa san gwiwarsa ta riga ta zaɓi gini mai lifta. Amma in ta iso kai ba ka iso ba, mun faɗi."

"Tiyo ya fashe mini."

"Wannan ba matsala ba ce. Yanzu zan turo maka babbar mota, ta sauke ka a bayan coci kamar sauran. Ka zuba ruwa, ka lallaɓa ka shigo."

Munir ya dubi wayar, ya dube ni. "Kamar sauran?"

"Haba Dakta, wa zai kashe injinsa a wannan dutsen? Doka ƙofa ta ce, ba ta ce hanya ba."

"Nazih, tun kana makaranta nake zuwa zaɓe da ƙafar motata. Yau ne za a ɗora ni a bayan babbar mota kamar buhun dankali?"

Ya kashe wayar da gwiwar hannu. Ya rufe motarsa, ya roƙi mai gidan da ke gefen hanya ya sa mata ido, ya zo ya buɗe ƙofar Zarka ya zauna. Motar ta karkata ɓangarensa.

"Kada ki ɗauka na koma wajenki," ya ce. "Zuwa zan yi in zage shi ido da ido. Har yanzu benen nake so."

"Ba ka da ƙuri'a, so abin da ka ga dama."

Muka kama hawa. Bai yi shiru ba ko na kwanar hanya ɗaya.

"Dube mu, Wadad. Ƙaraminmu a kulob ɗin nan ya yi jika. Wa zai hau rufin can ya toshe yoyo? Ke? Da sanyi dusar ƙanƙara za ta rufe hanyar. Ɓarayi su zo su kwance mana fitilu ɗaya bayan ɗaya, jemagu ne za su kira 'yan sanda? A benen akwai sanyi, akwai kujeru masu laushi, akwai bayi mai tsafta. A shekarunmu bayi ba abin wasa ba ne."

"Akwai komai, ban da ƙarar inji."

"In mun mutu fa? 'Ya'yanmu sayar da su za su yi kafin a share makoki. A bayan gilashi ko ba komai za su daɗe."

"Haƙoran da ka cire wa mutane ma sun daɗe a kwalba. Sun tauna wani abu?"

A daidai nan Zarka ta yi tari. Ta sake yi, ta shaƙe, ta mutu a tsakiyar hawa. Na ja birkin hannu. Na kunna makulli na kasa kunne. Famfon fetur ɗinta yakan yi ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo, yanzu shiru.

"Miƙo sifana," na ce.

Duk mai irin motar nan ya san maganin. Na durƙusa na ƙwanƙwasa famfon, ya farka, muka ci gaba. Da muka sha kwanar hanya biyu ya sake suma. Na sake duka, ya ba mu ɗan abin da ya ba mu. A karo na uku na doke shi har fenti ya tashi, bai ce komai ba.

Munir ya duba agogonsa. "To, shi ke nan. Ni ba ƙuri'a, ke ba ƙuri'a. Kin yi ƙoƙari. Bari in kira shi ya turo babbar motar, ko abincin ma ci."

"Ka kira shi ka sauka mini daga mota."

Na tsaya ina kallon Zarka, hancinta a sama, gindinta a ƙasa. Tankin fetur a bayanta yake, inji a gaba. A yadda take tsaye mai ba zai hau zuwa inji ba sai an tura shi. Amma in na juya ta, tanki ya koma sama, inji ya koma ƙasa, man zai gangaro da kansa, ba ruwansa da famfo.

Na ciro sukundireba na kwance tiyon da ke shiga famfon da wanda ke fita, na haɗa bakinsu da guntun bututun da nake ajiyewa a akwatin kayan gyara, na ɗaure tamau. Munir yana tsaye yana kallona.

"Me kike yi?"

"Da baya za mu hau."

"Ainut Tut? Da ribas? Wadad, 'ya'yanki sun san kin fito?"

"Zo ka tura mini hancinta."

Akwai mashigar wata gonar inabi a ƙasa da mu kaɗan. Na saki birki ta silala da baya ta shiga, Munir ya tura, muka juya ta har hancinta ya kalli Bairut. Na ɗan jira. Na murɗa makulli, ta yi gurnani, ta kama.

Matsalar farko wuyana ce. Ban yi nisa ba na ji kamar an soka mini allura, ba zan iya tuƙi ina waiwaye har saman dutse ba, madubin kuwa bai fi tafin hannun jariri ba. Na sa Munir ya durƙusa a kan kujera yana fuskantar baya.

"In ka taɓa mini wannan kafaɗar in karya nan, in ka taɓa waccan in karya can. In ka ga rami ka matse duka biyun."

"Ni da nake so ki faɗi zaɓe, ni zan zama idonki?"

"In na faɗa rami tare za mu faɗa."

Ya durƙusa, yana ambaton gwiwoyinsa da iyayen wanda ya ƙera kujerar.

Muka hau. Ribas ba shi da sauri, amma yana da ƙarfi, Zarka tana kuka da wata siririyar murya da ban taɓa jin ta daɗe tana yi ba. Hannun Munir na sauka a kafaɗata, dama, hagu, dama, yana haɗawa da baki. "A hankali. A hankali na ce, katanga ce. Wa ya ba ki lasin? Karya duka. Duka." Wata tsohuwa da ke shanya tumatir a soro ta miƙe tsaye tana bin mu da kallo. Wasu maza da ke shan gahawa a ƙofar shago suka ajiye kofunansu, ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Sitt, ƙauyen yana ta bayanki," na ce masa na sani, can za ni.

Sai ga wata ƙaramar motar ɗaukar kaya cike da kankana ta biyo mu. Tunda da baya nake tafiya, ni da direbanta muka zama ido cikin ido, hancin motarsa a hancin tawa. Ya danna ham. Na ɗaga masa kafaɗa. Ya sake dannawa, ya leƙo da kai, mutum ne mai furfura a gashin baki.

"Lafiya, Sitt?"

"Famfon mai ne."

Ya dubi tudun, ya dubi motar, na ga ya gane. Ya daina ham, ya kunna fitilunsa duka, ya riƙa tare mana duk wanda ya biyo baya.

Matsala ta biyu ta fi ta farko. Mota mai tafiya da baya iska ba ta shiga lagiretonta. Allurar zafi ta fara hawa, ta wuce tsakiya, ta doshi ja. Na ji ƙaurin da na sani. Na taka birki a kan tudu, na ja na hannu ba tare da na kashe inji ba, na fita na zare ƙusar da ke riƙe da murfin injin, na kira mai kankana.

"Riƙe mini wannan, don Allah. Gidan siliki za ka kai."

Muka ɗora murfin a kan kankanarsa. Ya ba ni jarkar ruwansa na yayyafa wa lagireton ta waje, tururi ya rufe mu. Allurar ta ɗan sauka. Muka ci gaba, injin a tsirara yana rawa a gabana.

"Wadad," in ji Munir, muryarsa ta canza, "na hango hasumiyar cocin."

"Agogo fa?"

"Kada ki tambaya."

Na san hanyar, kuma na san abin da ke jirana. Daga coci zuwa ƙofar gidan siliki ba hawa, shimfiɗaɗɗiyar hanya ce. A shimfiɗe tanki da inji sun zama daidai, mai zai daina gangarowa. Abin da ke cikin kabireta kaɗai zai kai ni, shi kuwa bai fi kurɓi biyu ba.

A kan tudun ƙarshe na tsaya cak.

"Me kuma ya faru? Tafi mana."

"Bari ta cika cikinta."

Ina riƙe da birki, injin na numfashi a hankali, ƙararrawar coci ta buga na farko.

Na saki kuloci na taka totur har ƙasa. Zarka ta yi tsalle da baya. Muka wuce bayan coci, inda manyan motoci suke jere a inuwa, direbobinsu na cin 'ya'yan kabewa. Munir ya ɗaga musu hannu da wata alama da ba ta dace da likita ba, ya dawo da hannun kafaɗata da sauri. Ƙararrawa na ci gaba. Sitiyari na rawa a hannuna, don mota ba ta son gudu da baya, gindinta na neman kufcewa. Injin ya yi tari. Ya kama. Ya sake yi.

"Miƙe. Miƙe kawai. Suna jan ƙofar. Tanyus ya ɗaga sanda, sun tsaya. Hagu kaɗan."

Na ga ginshiƙan ƙofar sun wuce ta gefena, ɗaya nan ɗaya can. Amma da baya na shigo, injin ne ƙarshen shiga. Ya shaƙe, ya yi wata irin girgiza, ya yi shiru. Zarka ta silala ta tsaya a tsakiyar fili, ƙararrawa ta buga na ƙarshe.

Ba wanda ya tafa. Nazih ne ya fara magana, yana tahowa cikin farar rigarsa da ko ɗigon mai babu.

"Sannu da ƙoƙari, Sitt Wadad, wallahi abin a yaba ne. Sai dai injin ya mutu a waje. Gindin motar ne ya shigo da rai. Kowa ya gani."

Ammu Tanyus ya tako da sandarsa. Ya haura tamanin, kunnensa ɗaya ya daɗe da yin ritaya. Ya ce, "Da rai ya shigo."

"Ammu, da girmanka, kai da ba ka ji sosai?"

"Shi ya sa nake aiki da hannu, ɗana." Ya buɗe tafinsa, ya yi ja. "Tana wucewa na dafa ta ta gaba. Tana rawa har ta tsallake ƙofa. An ƙirga." Ya juyo gare ni, fuskarsa ba fara'a. "Kin san lifta nake so, ko?"

"Na sani, Ammu."

"To. Ki nemo mini kujera mai kyau a wannan kangon."

Munir ya sauko da ƙyar, ya miƙe gwiwoyinsa, ya nufi Nazih ya faɗa masa duk abin da ya tanada tun daga gindin dutse, har da batun manyan motocin bayan coci, a gaban kowa. Tanyus ya saurara ya ce doka ƙofa ta ce, ba zai canza ta ana tsakiyar zaɓe ba. Wasu daga cikin waɗanda aka ɗauko suka riƙa duban takalmansu, amma ba wanda ya sauya ra'ayi.

Aka shiga ciki, ƙarƙashin rufin da rana ke leƙowa ta hujojinsa. Aka ce masu son bene, hannuwa suka tashi. Aka ce masu son gidan siliki. Kafaɗata ta yi tsami saboda matsar Munir, da ɗaya hannun na tallafo gwiwar hannuna na ɗaga shi. Muka ci da ƙuri'a ɗaya.

Nazih bai tsaya cin abinci ba. Ya ce kulob na iya zama da jemagu, shi da mutanensa motocinsu bene za su, wanda ya ga dama ya bi su. Kusan rabi suka ce za su bi. Na san da wuya mu sake ganin wasu daga cikin motocin nan a kan titi, kuma na san rufin nan da hannunmu za mu gyara shi, mu da muka rage, da gwiwoyinmu da suke ƙara.

Mai kankana ya iso da murfin injin, ya ƙi karɓar komai, ya zauna ya ci kibbe, curin nama da alkama, da mu. Ina mayar da murfin Nazih ya tsaya a kaina, makullin motarsa a hannu.

"Akwai wuri a babbar mota ɗaya, Sitt Wadad. Ba don komai ba. Famfonki ya mutu, ba za ki kwana a nan ba."

"Na gode, Ustaz. Komawa gangara ce, da gaba zan tafi."

"In kin kai gindin dutse fa? Daga nan zuwa gidanki a shimfiɗe yake."

"In na kai can na gani."

Na kira Munir da mai kankana suka tura ni har bayan coci, inda hanya ta fara sunkuyawa. Na ɗan jira mai ya gangaro, na sa giya ta biyu, na saki kuloci, Zarka ta kama. Munir ya biyo ni da gudun da jikinsa ya yarda, ya faɗo kujera yana haki.

"Ki sauke ni wajen motata," ya ce. "Kina da wani tiyon a akwatin nan?"

"Akwai. Amma Lahadi mai zuwa za ka hau rufi."

"Tsani zan riƙe."

Na sa giya ta uku.